Ƙumar mage ta cika mana gida, ta ina za mu fara?

Maman Hanifa, Gesse, Birnin Kebbi

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar dabbobi ko ta feshi. Magenmu ta haihu a sito, 'ya'ya uku, yanzu satinsu huɗu. Tun da ruwa ya zauna a watan Agusta ƙuma ta bazu daga siton zuwa falo da ɗakin yara. Cizon duk a idon sawu da ƙwauri yake, ƙananan jajayen ƙuraje, biyu-biyu ko uku-uku a jere, yara na ta susa har suna ji wa kansu ciwo. Ba kuɗin cizo ba ne, mun duba katifu ba komai, kuma wannan da an kai mata hannu sai ta yi tsalle ta ɓace. An fesa maganin sauro na gwangwani, sai abin ya lafa kaɗan ya dawo. Falo akwai kafet, ɗakuna siminti ne da leda, sito kuwa tsohon daɓe ne duk ya tsattsage. A bayan gida akwai awaki da kaji.

Maigida ya ce a kwashe magen da 'ya'yanta a kai su nesa kowa ya huta. Wata maƙwabciya kuma ta ce a ɗiga mata maganin kaska na shanu a gadon baya, a yayyafa Sniper a ɗakuna. Ni duka biyun ina tsoro, ga ɓeraye da za su dawo sito in babu ita. Don Allah me ya kamata a yi, kuma da wanne za a fara?

Likitan Dabbobi, Birnin Kebbi

Wa alaikumus salam Hajiya. Kafin komai, kada maganin shanun nan ya taɓa magen. Yawancinsu cypermethrin ne ko deltamethrin ko amitraz, na karnuka kuma da yawa akwai permethrin a ciki. Hantar mage ba ta iya narkar da waɗannan yadda ta kare ko ta saniya ke yi. Cikin 'yan sa'o'i sai ta fara dalalar da miyau, kunnuwa da fata na rawa, daga nan jijjiga, da yawa ba sa tashi. Haka kananzir, baƙin mai, Dettol da Izal, duk guba ne gare ta, don mage komai ya taɓa gashinta sai ta lashe shi. Idan an riga an shafa mata wani, a wanke ta nan take da ruwa mai ɗumi-ɗumi da sabulun wanke kwanuka, a tsane ta da tawul, a kai ta asibitin dabbobi ba tare da jiran alamu ba.

Ki kuma ba Alhaji haƙuri game da korar ta. Ƙumar da kike gani tana tsalle ita ce ƙaramin kaso. Ƙiyasin da ake aiki da shi shi ne manya kashi 5 ne cikin 100, sauran ƙwai ne da tsutsa da waɗanda suka ƙudundune suna jiran fitowa, kuma duk a ƙasan ɗakinki suke. Macen ƙuma na fara ƙwai kwana ɗaya zuwa biyu bayan ta fara shan jini, tana iya yin 40 zuwa 50 a rana. Ƙwan fari ne, bai wuce rabin milimita ba, ba ya manne wa gashi, duk inda magen ta kwanta ko ta yi susa nan yake zuba. Cikin 'yan kwanaki ya ƙyanƙyashe tsutsa. Tsutsar na gudun haske, sai ta nutse cikin kafet ko tsagar daɓe tana cin kashin manyan, wanda busasshen jini ne. Bayan sati ɗaya zuwa biyu ta saƙa wa kanta 'yar jaka mai danƙo, ƙura ta lulluɓe jakar. Wannan matakin shi ne ke ba mutane wahala: feshi ba ya ratsa jakar, kuma ƙumar da ke ciki tana iya zama watanni ba ta fito ba, sai ta ji takun ƙafa ko ɗumin jiki ko numfashi. A irin danshin damina duka zagayen na iya kammala cikin sati biyu zuwa uku.

To in aka ɗauke magen, duk waɗannan za su ci gaba da fitowa, ba su da wanda za su hau sai ku. Cizon ƙaruwa zai yi. Amma magen da aka sa wa magani mai kyau, duk wadda ta fito ta hau ta mutuwa za ta yi kafin ta tara ƙwai. Shi ya sa ba a ma hana ta shiga ɗakunan da ta saba shiga.

Ga uwar, ki nemi maganin da ake ɗigawa a ƙeya, wanda aka rubuta na mage ne, da hoton mage a kwalin. Sunayen da za ki duba: fipronil, wato Frontline, ɗan bututu ɗaya na 0.5 ml, ko imidacloprid, wato Advantage, 0.4 ml in ba ta kai kilo 4 ba, 0.8 ml in ta kai. Duka biyun an yarda a sa wa mai shayarwa. Ki raba gashin daidai inda kai ya haɗu da wuya har ki ga fata, ki ɗora bakin bututun a kan fatar ki matse duka. Kuskuren da aka fi yi shi ne zuba shi a kan gashi, ko a tsakiyar baya inda harshenta ke kaiwa. Kada a yi mata wanka kwana biyu kafin a sa da kwana biyu bayan an sa, don maiƙon fata ne ke yaɗa maganin. Ki raba ta da 'ya'yan na ɗan lokaci har wurin ya bushe. Za a maimaita duk bayan sati huɗu, sau uku a jere mafi ƙaranci, ko da kin daina ganin komai.

'Ya'yan su ne abin damuwata. Na ɗigawa ba a sa shi sai sun kai sati 8, kuma ƙuma na iya shanye jinin ɗan mage har ya mutu. Ki ɗaga leɓensu ki duba dasashi: ja-ja mai haske shi ne lafiya, in ya yi fari fat kuma ɗan ba ya tsotso da ƙarfi, a kai shi asibiti ranar. Abin da za ki yi musu kullum shi ne taje su da mataji mai matsattsun haƙora irin na kwarkwata, da kwanon ruwan sabulu a gefe, duk abin da matajin ya kwaso ki tsoma a ciki. Ki fi mai da hankali ga wuya, ƙarƙashin haɓa, ciki da gindin wutsiya. In sun yi yawa ƙwarai ki yi musu wanka da hantsi: ki fara zagaye wuya da kumfa don kada ƙumar ta gudu fuska, sannan jiki, ki ɗauraye, ki tsane su sosai ki mayar wa uwar, don sanyi na saurin kama su. Wanka na kashe na jiki ne kawai, ba ya hana wasu hawa gobe. Akwai Frontline na fesawa wanda aka yarda da shi tun daga kwana 2 da haihuwa, 3 zuwa 6 ml ga kowane kilo. Ƙaramar kwalba ta 100 ml na fitar da rabin ml a duk matsawa, ke nan ɗan da ya kai giram 500 matsawa 3 zuwa 6. A fesa a safar hannu ta roba a shafa masa, a bar shi inda iska ke shiga, nesa da murhu, har ya bushe, saboda akwai sinadarin da ke kama wuta a ciki.

In ba ki samu a shagunan magungunan dabbobi na gari ba, a sa a aiko daga Sakkwato ko Kano. Ki duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa. Kada ki yarda a yi mata allurar ivermectin a ce an gama, ba ta yin abin kirki a kan ƙuma.

Mai Feshi na Jega

Hajiya, Dakta ya gama da mussa, bari in ɗora da ɗaki. Ranar da aka sa mata magani ita ce ranar da za a yi aikin gida, kada a raba.

Sniper dai a bar shi. Dichlorvos ne, maganin gona, tururinsa na shiga huhu da fata, kuma tun 2019 NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalabensa a kasuwanni da kantuna. Haka wanda ake haɗawa a kwalba ana yawo da shi ba suna ba lamba. Ga haɗari ga yara, ga shi kuma ba ya daɗewa a ƙasa, kwana kaɗan ya tashi, waɗanda ke cikin jaka su fito lafiya lau. Maganin sauro na gwangwani kuwa an yi shi ne don abin da ke tashi a iska. Ƙuma tsallenta sama bai kai santimita 20 ba, tsutsarta kuma tana can ƙarƙashin kafet. Abin da ya sa kike ganin sauƙi na ɗan lokaci ke nan ya dawo.

Shara ita ce rabin aikin. A ɗaga kujeru, gado, akwatuna, buhunan sito, duka. In akwai injin shara mai zuƙe ƙura, ko na aro ne, a bi kafet a hankali gaba da baya, a bi bakin bango, a cire kushin na kujeru a zuƙe lungun da ke tara ɓurɓushi. Injin na kwashe ƙwai da yawa, kuma girgizarsa na tayar da na cikin jaka su fito su taka magani. Da an gama a juye abin da ya tara a leda, a ɗaure, a fitar da shi daga gida. In tsintsiya ce, kada a tara sharar a bakin ƙofa ko a zuba ta gindin bishiya a tsakar gida, a kwashe a ƙona. Ledar ɗaki a naɗe ta a duba ƙarƙashi, musamman bakin-baki da inda ta yage, nan ƙura da danshi ke haɗuwa.

Sannan feshi. Abin da ake nema shi ne magani na cikin gida mai abu biyu: mai kashe manya, irin su lambda-cyhalothrin ko deltamethrin, da mai hana ƙwai da tsutsa girma, wanda za ki ga an rubuta pyriproxyfen ko methoprene. Na biyun shi ne ke karya zagayen, yana kuma yin watanni yana aiki. In mai feshin da kika kira bai san da shi ba, ko babu shi, to lallai ya dawo ya sake bayan kwana 14, wani lokaci har karo na uku. Ki sa ya nuna miki kwalbar ki karanta da idonki, ya auna yadda aka rubuta a jikinta. Ƙara ƙarfin haɗi ba ya ratsa jaka, sai dai ya sa wa mutanen gida tari da ƙaiƙayin fata. Famfon da aka yi feshin ciyawa da shi a gona kada ya shigo ɗaki.

Inda za a fesa: ƙasa duka, ƙarƙashin gado da kujeru, bakin bango zuwa tsayin gwiwa, bayan ƙofa, tsagogin siminti. Ba a fesa katifar da ake kwana a kai, ko shimfiɗar jarirai, ko kayan abinci. A fitar da hatsi da kwanuka daga sito kafin a fara, a rufe randa da tulu. Mutane da mussa da ɗiyanta duk su fita, a rufe ɗaki awa biyu zuwa uku, a buɗe tagogi, kada kowa ya shiga sai ƙasa ta bushe ƙarau. Wannan ya fi muhimmanci ga mussa, don irin maganin da Dakta ya hana ne, yana da haɗari gare ta matuƙar da danshinsa. Ɗiyan kuwa a mayar da su wani wuri da ba a fesa ba, cikin kwali mai tsafta. Bayan feshi a ci gaba da shara, amma a dakata da goge bakin bango da ruwa na sati biyu don kada a wanke maganin.

Kada a kulle siton a ce a bar ƙumar ta mutu da yunwa. Ɗakin da ba a shiga, na cikin jaka zamansu suke yi, ranar da aka buɗe su taso gaba ɗaya. A riƙa shiga kullum ana takawa ana shara.

Inna ta Argungu

Maman Hanifa sannu da fama. Ni wanki zan yi miki magana a kai, don nan mata ke sakaci. Tsumman da mussar ta haihu a kai kada ki wanke, ki sa a leda ki ƙona, nan ne ƙwai ya fi yawa a gidan duka. Ki shimfiɗa mata wani tsohon zane fari ko mai haske, ki riƙa canzawa duk kwana biyu.

Zannuwan gado, barguna, rigunan kushin, darduman salla da ƙananan kafet na bakin ƙofa, ruwan zafi suke so, kamar digiri 60. Ba sai da ma'auni ba: bokiti ɗaya na tafasasshe, bokiti ɗaya na ruwan famfo, ki haɗa a baho ki zuba Omo, ki danna kayan su nutse, ki bar su kwata ɗaya na awa kafin ki fara cuɗawa. Tabarmi ki kakkaɓe su a waje, nesa da inuwa, ki shanya a kan siminti ko kwano daga hantsi har la'asar, ki juya su da azahar. Abin da ba ya wankuwa ki ɗaure a baƙar leda ki ajiye cikin rana yini guda. Tsutsar ba ta jure zafi da bushewa, shi ya sa ake samun sauƙinta da hunturu da bazara, ta taso da damina.

Ki duba gindin randa. Ƙasan wurin kullum a jiƙe yake, da inuwa, kuma mussa na son kwanciya nan don sanyi. Ki ɗauke randar, ki kwashe yashin ki zubar nesa, ki bar wurin ya sha rana, ki sa sabon yashi. Haka bakin rariya da ƙarƙashin tarin itace.

Don ki san ko aiki na ci, da dare ki ajiye faranti mai faɗi a ƙasa da ruwa da ɗigon sabulun wanke kwanuka, ki haska masa 'yar fitila mai caji daga sama, sauran ɗakin duhu. Da safe ki ƙirga abin da ya faɗa. Kada ki yi da kyandir ko aci-balbal. Wannan ba ya ƙarar da ita, yana dai nuna miki wane ɗaki ya fi, da ko tana raguwa. Ganyen dogon yaro da toka da ake faɗa, ba laifi a shimfiɗa a turken awaki, amma kada ki dogara da su a ɗaki. Tafarnuwa kuwa kada a ba mussa ko kaɗan, tana lalata mata jini.

Maman Hanifa, Gesse, Birnin Kebbi

Allah ya saka muku da alheri duka. An sa wa uwar Frontline, an yi wanki, an yi feshi. Cizon ya ragu amma bai tsaya ba, har yanzu farantin falo na kama wasu ƙanana. Ko maganin jabu ne, Dakta? Sannan na ga wasu farare-farare a ƙarƙashin wutsiyarta da kan zanen da take kwanciya. Awakin ma na lura ƙananan na yawan susa. Ƙaramar yarinyata kuma ƙurajen ƙafarta biyu sun fara ruwa.

Likitan Dabbobi, Birnin Kebbi

Hajiya, ganin ƙananan ƙuma sati biyu zuwa huɗu bayan an yi aiki, har fiye, ba alamar jabu ba ce. Sababbin fitowa ne daga jaka, shi ya sa kika gan su ƙanana baƙaƙe, ba su sha jini sun kumbura ba. Maganin ba ya hana su hawa magen, kashe su yake yi bayan sun hau, cikin kamar kwana ɗaya. Gwajin da za ki yi: ki tsayar da ita a kan farar takarda ki taje ta, ki yayyafa ruwa a kan baƙin garin da ya zubo. In ya narke ya yi ja, kashin ƙuma ne. In yana raguwa sati bayan sati, magani na aiki. In bayan sawa ta biyu yana nan yadda yake, a canza zuwa imidacloprid ko selamectin. Kada dai a ƙara wani bututun kafin sati huɗu su cika.

Fararen nan masu kama da ƙwayar shinkafa gaɓoɓin tsila ne. Mage na samunta ne in ta haɗiye ƙuma garin lasar jiki. Maganinta praziquantel, yana cikin Drontal na mage, ƙwaya ɗaya ga kilo 4. 'Ya'yan sai sun kai sati 6. In ba a gama da ƙuma ba tsilar dawowa za ta yi. Yaro mai rarrafe ma yana iya kamuwa in ya haɗiye ƙuma, ko da yake ba kasafai ba.

Awaki kuwa, wannan ƙumar ta mage tana hawa 'yan awaki da 'yan tumaki sosai a ƙasar nan, har ta rame da su. In ba a taɓa turken ba, daga can za ta riƙa dawowa. A kwashe takin duka har a ga ƙasa, a kai gona, a bar wurin ya bushe. Awakin a sa musu nasu maganin na dabbobin kiwo bisa nauyinsu, a tambayi mai ba da maganin kwanakin da za a dakata da shan nono ko yanka. A nan ne za a yi hattara: magen kada ta kwanta cikinsu sai maganin ya bushe. In akwai zomaye a gidan, fipronil na kashe su, kada a gwada. Kajin a duba fuska da tukku. In akwai baƙaƙen ɗigo a manne kusa da ido da ba sa motsi, wata ƙumar ce ta kaji, takan maƙale a gefen kunnen mage ma. A shafa wa ƙumar basilin a hankali ya toshe mata numfashi, a share akurkin. Siton nan kuma in da hali a toshe tsagogin da siminti, a rufe ramukan ɓera da kafar da muzurun unguwa ke bi suna shigowa.

Ma'aikaciyar Jinya, Yauri

Yaya, game da yarinyar. Ƙurjin da ya fara ruwa susa ce ta sa ƙwayar cuta ta shiga. Ki yanke mata farce, ki wanke wurin da ruwa da sabulu safe da yamma, ki bar shi ya sha iska. Kalamin na rage ƙaiƙayi a kan waɗanda ba su fashe ba, amma kada a shafa shi a buɗaɗɗen ciwo, kada kuma a shafa man bilicin ko wani mai haɗe-haɗe. In wurin ya yi ɓawo mai ruwan zuma, ko ja na faɗaɗa, ko ya kumbura da zafi, ko ta yi kaluluwa a matsematsi, ki kai ta asibiti a duba, ƙila sai an ba ta maganin kashe ƙwayoyin cuta. Maganin ƙaiƙayi na sha kamar Piriton a tambayi ma'aikacin lafiya adadin da ya dace da shekarunta. Duk wanda ya yi zazzaɓi a gidan cikin 'yan makonnin nan, in an gwada ba maleriya ba ce, a faɗa wa likita cewa ana fama da ƙuma da ɓeraye, don akwai zazzaɓin da ƙuma ke ɗaukowa kuma maganinsa daban ne. Kafin abin ya ƙare, yara su riƙa sa safa da dogon wando a falo, a ɗaga shimfiɗarsu daga ƙasa, bargo kuma kada ya riƙa jan ƙasa.